Rasuwar Dattijo, Keken Malam Ilu na Mandawari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, Malam Ilu Sha'aibu na unguwar Mandawari da iyalinsa suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kekensu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata bayan La'asar a bakin Ƙofar Gadon Ƙaya, bayan doguwar jinya. Ya shekara ashirin da shida a hannun maigidansa, ban da waɗanda ya yi a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa kafin nan.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da haƙuri. Malam Ilu yana koyar da lissafi a wata makarantar al'umma a Ɗorayi, kuma Dattijo ne ke kai shi, ya dawo da shi, rani da damina. Bai taɓa neman ɗigon fetur ba, bai taɓa tsayawa a layin gidan mai ba. Lungun da mota ba ta isa ta leƙa ba, shi yakan ratsa shi da ladabi, yana neman hanya da 'yar muryarsa, kirrin-kirrin, ba ya tsorata tsohuwa, ba ya watsa wa mai tafiya ruwan kwata. A kansa buhun gero ke shigowa gidan. A kansa Bahijja, 'yar autar Malam, ta je zana jarabawarta ta ƙarshe, tana zaune a baya tana bitar littafi.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga labari mai daɗi. Da fetur ya yi tsada har kuɗin adaidaita sahu ya gagari talaka, sai aka ji a rediyo cewa gwamnati za ta tallafa wa ma'aikata su sayi kekuna cikin rangwame. Malam Ilu ya yi murna ƙwarai. A ransa ya riga ya tsara komai: zai karɓi sabo, Dattijo kuma ya huta a soro, sai dai zuwa masallacin Juma'a. Ya yi kwana biyu a layin karɓar takarda. Da ya isa gaban tebur aka nemi shaidar albashin gwamnati. Ya ce shekararsa talatin yana koyarwa. Aka ce masa, "Malam, mun yarda, amma sunanka ba ya cikin na'ura."

Ya dawo bai yi fushi ba, yana cewa ai Dattijo na nan. Abin da bai sani ba, kasuwa ma ta saurari rediyo. Kafin wata ya ƙare farashin keke ya ninka, sabo da tsoho. Taya ta bi, sarƙa ta bi, har ƙwayar boris ta zama abin tambaya kafin a taɓa. Wasu da suka samu na rangwamen, masu mota a ƙofar gida, washegari suka kai su kasuwa da ledarsu. Waɗanda suka daɗe a kan sirdi kuwa, gyara ya fi ƙarfinsu.

A wannan halin ne marigayin ya fara tari. Da fari sarƙarsa ce ke zamewa in an zo hawa, sannan ƙafar gaba ta soma wani kuka, ƙiii-ƙiii, mai ban tausayi. Malam Ilu ya kai shi wurin Malam Sule mai gyara a Shahuci, wanda ya daɗe yana duba shi. Malam Sule ya kwantar da shi, ya shafa wuyansa, sannan ya ce:

"Malam, ƙarfen wuyan nan ya tsage. Ko dai a sake shi, ko ka sauka daga kansa."

"Nawa ne yanzu?"

Malam Ilu ya ji amsar, ta fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya ce, "A yi masa walda dai, ya kai mu ƙarshen zango."

An yi waldar sau biyu. Matarsa, Malama Dije, ta roƙe shi ya daina hawa. Ya ce mata shugaban makaranta ya riga ya ja kunnen masu latti, kuma albashin ba zai ɗauki adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa ba. Ya ci gaba da hawa a hankali, yana kauce wa ramuka, yana sauka ya tura in hanya ta yi muni. Ya san yana ɗora wa mara lafiya kaya, kuma abin na damunsa.

Ranar Talatar, suna dawowa da takardun jarabawar yara ɗaure a baya, wuyan ya karye gaba ɗaya. Malam Ilu ya faɗi a kan hannunsa na dama, wanda yake rubutu da shi, ya samu targaɗe. Mutane suka ɗaga shi, wasu suka tattara masa takardun. Shi dai yana kallon tayar gaba, wadda ta rabu da gangar jikin, tana juyawa a ƙasa har ta tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya bar maigidansa, wanda saura wata biyu ya cika shekara hamsin da tara, da Malama Dije, da Bahijja. Ya bar famfo guda mai sauran numfashi, da kwaɗo da makullinsa, waɗanda yanzu ba su da abin tsarewa.

Ba za a yi masa salla ba, kasancewarsa ƙarfe. Za a kai shi makwancinsa ranar Alhamis bayan La'asar, wurin 'yan gwangwan, inda za a ɗora shi a sikeli. Sirdin kawai za a cire, Malam Sule ya ce akwai wani tsoho a Gwale da ke hawa a kan tsumma.

Ana karɓar gaisuwa a soron gidan bayan Magariba. Iyalin suna ba da haƙuri ga masu niyyar zuwa da safe, domin ba za su sami Malam Ilu ba. Daga gobe, da an sallame Asuba zai kama hanyar Ɗorayi a ƙafa. Wanda ya ga dama yana iya tarar da shi a hanya, ya yi masa ta'aziyyar suna tafe.