Rasuwar Takalmin Guduna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama mai cike da kumburi, nake sanar da iyalina, da abokan guduna, da duk wanda ya taɓa ganina ina haki a bakin titi da sassafe, rasuwar takalmin guduna, shuɗi mai ratsin fari, lamba arba'in da uku. Likitar ƙashi ce ta tabbatar da rasuwar a ofishinta, yau mako uku ke nan. Na jinkirta sanarwar ne saboda jikina ya mutu, ko biro nauyi yake yi mini. Marigayin ya yi shekara shida da wata biyu yana yi mini hidima. A cewar likita, shekaru ukun ƙarshe gawa nake ɗaurawa a ƙafa ba ni da labari.

Waɗanda suka san ni a 'yan shekarun nan kawai ba za su gane girman wannan rashi ba, don haka dole in ɗan koma baya. Shekara goma sha tara na yi ina shan taba, kwali guda a rana, wani lokaci har da ɗoriya. Wata Asabar da rana numfashin autarmu ya sarƙe, tana shekara huɗu a lokacin, muka kwashe ta sai asibiti. Aka ce asma ce. Muna zaune a bakin gadonta, an rufe mata hanci da baki da abin shaƙa, sai uwarta ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Auta, ni na gaji da cewa ka daina. Ka dai saurari yadda take numfashi." Na saurara. A nan na yi rantsuwa cewa ni da taba har abada.

Rantsuwa a asibiti ba ta da wuya. A rana ta uku ina ta kai da kawowa a falo, na yi faɗa da kowa har da kujera. Matata ta fita, ta dawo da kwalin takalmi a leda ta ajiye a gabana. Ta ce, "Tunda zama ya gagare ka, saka wannan ka je waje ka yi ta yawo. Ka bar mu mu sha iska." Haka marigayi ya shigo gidanmu. Ranar farko mun kai fitilar titi ta biyu, na zauna a bakin kwata ina tari kamar zan amayar da huhuna. Bai yi mini dariya ba. Washegari muka kai ta uku.

Marigayi mai haƙuri ne, ba shi da yawan tambaya. Bai taɓa cewa ina za mu ba, bai taɓa cewa jiya ma mun je ba. Duk sa'ad da kwaɗayin taba ya taso mini, ko da safe ko da yamma, sai in zauna a kan bencin da ke bayan ƙofar kicin in ɗaure igiyarsa, kafin mu dawo abin ya kwanta. Ranar da aka tsallake ni a ƙarin girma a wurin aiki, kilomita goma sha biyu muka yi, na dawo na ci abincina har da neman ƙari. Ranar da aka yi wa mahaifiyata aiki a ido, sau tara muka zagaye katangar asibitin kafin a fito da ita. A duk shekarun nan ban taɓa kwana biyu a jere ban saka shi ba, kuma ban sake kunna taba ko kara ɗaya ba.

Maganarsa kaɗan ce, amma na haddace ta. A kan kwalta yakan ce tab, tab, tab. A kan tsakuwa sai ya koma ƙaras, ƙaras. Idan an yi ruwa ya jiƙe, yakan yi wani ɗan kuka, cik, cik, har mu iso gida. Da tsufa ya kama shi, bakin ƙafar dama ya buɗe, sai ya ƙara da fat, fat, wadda abokan gudu suke jiyowa tun daga nesa su ce ga shi nan tafe.

Ba za a ɓoye ba, yana da nasa aibin. Wari gare shi wanda sabulu ya kasa, rana ta kasa. Tun a shekararsa ta farko matata ta haramta masa shiga ɗakin kwana, ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin bencin nan tare da tsintsiya da bokiti. Bai taɓa riƙe ta a zuci ba.

Rashin lafiyarsa ta daɗe, kuma a nan laifin nawa ne. Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a cikinmu masu gudun safe, ya sha gaya mini cewa takalmin gudu yana da iyaka. Yakan ce, "Kai, abin nan fa ba ɗan'uwanka ba ne. Sosonsa ya mutu, ka sake wani." Sai in yi dariya in ƙara sauri. Sau huɗu ina kai shi wurin shumekan da ke zama a gindin gada. A zuwa na huɗu ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Oga, gam ɗin da na zuba a nan ya fi takalmin yawa. Zan liƙa maka, amma babu ruwana." Matata ma ta sayo mini sabo shekara biyu da suka wuce. Na gwada shi a falo, na yaba, na mayar cikin kwalinsa. Ban gaya wa kowa dalili ba, don na san abin dariya ne: gani nake wannan tsohon ne ya raba ni da taba, sabon kuwa bai san labarin ba, ba zai iya riƙe ni ba.

Ciwon ya fara ne ɗan kaɗan a bayan ƙafa, kusa da yatsa na uku. Na ce gajiya ce. Mako biyar ina gudu a kansa, ina ɗingishi a hanya, idan na iso ƙofar gida in gyara tafiya kada a gani. Ba jarumta ba ce. Tsoron hutun kwana ɗaya nake yi, don na san abin da ke jirana a cikin hutun. Wata safiya, muna gangarowa daga gada, ƙafar ta ce ba ta ƙara taku ɗaya. Dogo ya rataya hannuna a kafaɗarsa ya tare mana tasi.

Hoton ƙashi ya nuna tsaga siririya kamar silin gashi. Likita ta ce in miƙo mata takalmin. Ta kama shi da yatsa biyu ta naɗe shi gida biyu, bai yi gardama ba. Ta danna dunduniyarsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce, "Malam, ai wannan babu komai a cikinsa. Da shi da gudu ba takalmi duk ɗaya ne." Ta yanke mini mako goma ba gudu, ba doguwar tafiya. Na ce bayan mako goman fa? Ta ce, "Sai mu gani." Na sha jin likitoci suna faɗin wannan kalma ga wasu, ban san haka take da nauyi ba.

Marigayi ya rasu ya bar safa ƙafa uku da guda ɗaya marar abokiya, da gorar ruwa mai tsagaggen murfi, da wando baƙi wanda ya fara matse ni a ƙugu. Ya bar ƙaninsa sabo fil a saman kabad, wanda har yau bai san kalar kwalta ba. Ya bar mai riƙon ƙwarya, wato wani ƙaton takalmin asibiti mai maɗauri biyar, wanda ba ya gudu, ba ya tsalle, ba ya son bene, aikinsa kawai ya sanar da mutanen gida cewa na tashi zan shiga banɗaki. Sannan ya bar ni, shekara arba'in da tara, zaune.

Ina godiya ga waɗanda suka riga suka zo jaje. Na gode wa wanda ya ce dama shekaru sun ja, gara in koma tafiyar dattawa. Na gode wa wadda ta ce ita tun farko ba ta ga amfanin mutum ya yi ta gudu ba abin da ya koro shi ba. Na gode wa likita da ta ba ni aikin tattaro tawul da yatsun ƙafar hagu sau ashirin safe da yamma, wai kada ita ma ta lalace. Ina yi. Tawul ɗin yana zuwa, ina mayar da shi, yana sake zuwa. Duk na gaji, kuma irin gajiyar da ba ta kawo barci ce.

A wurin aiki ma an tausaya mini. Ni mai kula da fayil ne a hawa na uku, kuma ginin ba shi da na'urar hawa bene sai matakala. Sai aka sauko mini da tebur ƙasa, aka ajiye ni kusa da taga don in sha iska. Bayan tagar nan ne masu shan taba suke taruwa ƙarfe goma da ƙarfe biyu. Ba su da laifi, ba su sani ba. Ina jin ƙarar ashana, ina jin shirun da mutum yake yi idan ya ja na farko. Da can idan irin wannan ta same ni, nakan ce wa kaina bari a tashi, zan je in gudu. Yanzu idan an tashi tasi nake shiga.

Abin da ya sa na rubuta wannan sanarwa maimakon in jefar da shi shiru shi ne wannan. Ranar Alhamis da ta wuce, tasi ta sauke ni a bakin layinmu, na shiga kanti sayen sabulu. Na karɓi sabulun, sai na ji bakina ya ce, "Da kara ɗaya." Mai kantin ya san ni tun zamanin kwali guda a rana. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baƙo ka yi?" Na ce, "E, baƙo na yi." Ya miƙo mini bai sake ɗaga kai ba. Da na shiga gida na rasa inda zan ɓoye tabar wanda hannun matata ba ya kaiwa. Wuri ɗaya ne a gidan nan da ba ta taɓawa ko da tsinke. Na cusa ta can cikin ƙafar dama ta marigayi.

Kwana biyar ke nan tana ciki. Ban kunna ba, Allah ne shaidata. Amma kullum ƙarfe shida, lokacin da su Dogo suke wucewa ta bayan gida ina jin takunsu, nakan ja jiki in zauna a bencin nan in ɗauki takalmin in riƙe. Sau biyu na fito da ita na shinshina na mayar. Shekaranjiya matata ta same ni a haka, ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah sarki, Baban Auta, har yanzu? Za ka warke fa." Na kasa ɗaga ido in dube ta. Jiya kuma Auta, wadda yanzu shekararta goma, kuma rabonta da asibiti an daɗe, tana shara ta ɗauko takalmin ta ce, "Baba, in kai shi bola?" Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta ajiye shi a hankali ta fita, ba ta yi kuka ba, kuma har yanzu ba ta san me ta yi ba. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro, don saura mako bakwai.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a naɗe marigayi a baƙar leda, ƙafa biyun tare, da duk abin da ke cikinsa. Za a fitar da shi ranar Juma'a ƙarfe bakwai na safe, lokacin da motar kwasar shara take zuwa layinmu. Ba a buƙatar taro, ba a buƙatar jawabi. Ana roƙon Dogo, idan ba zai takura ba, ya riƙa tsayawa minti goma a bencin bayan kicin kafin ya wuce gudunsa, daga gobe har likita ta sallame ni. Ba sai ya yi magana ba. Ana roƙon shugabana a wurin aiki ya sa a matsar da teburina daga bakin taga, ko da kusa da banɗaki ne. Ana roƙon Auta ta yafe wa babanta.

Wannan takarda zan manna ta a ƙofar firji, inda uwar Auta za ta fara zuwa idan ta dawo daga aiki. Na gwada faɗa miki da baki sau uku, na kasa. Idan kin gama karantawa, kada ki tsaya ajiye jaka. Ki je ƙarƙashin bencin ki ɗauke marigayin, ki kulle a inda ban sani ba, faɗan kuma mu yi shi daga baya, na yarda da duk abin da za ki ce. Yau Talata, motar sai Juma'a. Don Allah kada a bar ni da gawar ni kaɗai.