Murabus ɗin Baba Sharhi

Idan ana lissafin gwarazan da suka yaƙi mulkin kama-karya, to a fara da Baba Sharhi, sannan a waiwayi sauran. Gaskiya ne bai taɓa kwana a kurkuku ba, kuma ko zanga-zanga ya hango daga nesa sai ya sauya hanya saboda hawan jini. Amma duk azzalumin da ya kuskura ya shigo cikin littafi ya shiga uku, domin Baba Sharhi zai bi shi da jan biro, shafi bayan shafi, har sai ya ga bayansa.

Da ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa, inda ya bar famfunan gari kamar yadda ya same su, a bushe, sai ya kafa Da'irar Karatu Mai Zurfi. Kowace Asabar da yamma suna haɗuwa a wani ajin firamare da aka ba su aro. Shi yana kan kujerar malami, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sauran kuwa, manya da furfurarsu, suna takure a bencin yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa.

A da'irar nan ba a karanta labarin soyayya. "Mu ba 'yan shan alewa ba ne," in ji shi. Sai littattafan da aka fassaro daga ƙasashe masu nisa, masu kauri kamar bulo, cike da 'yan sandan ciki da fursunoni da janar-janar masu baƙin tabarau. Irin waɗanda jimla kan taso daga saman shafi, kafin ta isa ƙasa mai karatu ya manta wa aka kama kuma wa ya kama shi.

Baiwar Baba Sharhi ta fi fitowa wajen gyara wa masu fassara kuskure. Zai tsaya a tsakiyar karatu, ya cire tabarau, ya girgiza kai cikin takaici.

"Mai fassara ya kashe wannan jimlar. A harshen asali ta fi haka gishiri nesa ba kusa ba."

Ko "sannu" bai sani ba a harshen asalin. Amma babban masani ba ya buƙatar jin harshe kafin ya san an cuce shi.

Membobin ba su da yawa, sai dai masu haƙuri ne. Akwai Malamar Lissafi, wadda ke karanta kowane littafi har bangon baya. Akwai Mai Kemis. Akwai Gwaggo Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda kullum kukanta ɗaya ne.

"Ni fa sunayen mutanen nan ke kashe ni. Kowa sunansa kamar na maganin tari."

"Haba Gwaggo, kada ki ɓata wa maganin tari suna," in ji Mai Kemis. "Shi ai ana iya faɗinsa ba a yi tarin ba."

Na ƙarshe shi ne ƙanin matar Baba Sharhi, mai sayar da taya, wanda yayarsa ta turo don ya riƙa lura kada mijinta ya yi sharhi har jininsa ya hau.

Dokokin da'irar duk Baba Sharhi ya tsara su, kuma dokoki ne na 'yanci zalla. Ba mai magana sai ya ɗaga hannu. Ba mai ɗaga hannu sai Shugaba ya gama. Shugaba kuwa bai cika gamawa ba. Akwai ma dokar da ta ce a yi zaɓen shugaba duk shekara, wadda yake alfahari da ita ƙwarai, har yana tausayin ya taɓa ta kada ta tsufa. Duk lokacin da aka tada maganar sai ya ce, "Ana tsakiyar littafi ake zaɓe? Bari mu gama wannan." Kafin a gama wannan kuwa ya raba na gaba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana nan sai ya kawo musu wani littafi daga wata ƙasa mai tsananin sanyi. Labarin wani tsohon shugaba ne mai dabara ɗaya tak. Da ya ji jama'a sun fara gunaguni, sai ya shiga rediyo da murya mai rawa ya ce ya gaji, kafaɗarsa ta tsufa, ya sauka. Kafin ya rufe baki mutanen da ya tanada sun cika dandali suna kuka suna cewa ba su yarda ba. Sai ya dawo, wai dole aka yi masa.

Wannan babin ya shiga ran Baba Sharhi. Ya sa Malamar Lissafi ta karanta shi a bayyane, ta gama ya ce ta maimaita. Da ta rufe littafin sai ta ce a hankali, "Ni ba tsohon ne ya ba ni tsoro ba. Masu kukan nan ne. Da ba su fito ba, ai da ya sauka da gaske."

"Malama, ba ki ɗaga hannu ba," in ji Shugaba. Ya gyara zama, ya dubi silin kamar mai jiran wahayi. "Ku saurara, wani tunani ya zo mini yanzu. Ba azzalumi ne abin tsoro ba, masu yi masa kuka ne. Ku riƙe wannan, ba kullum nake faɗin irinsa ba."

Sai Malama ta ɗaga hannu, sosai, kamar 'yar aji ɗaya.

"Shugaba, yaushe ne zaɓenmu?"

Baba Sharhi ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mafita, ga nasa littafin a buɗe a gabansa yana kallonsa. Ya ce Asabar mai zuwa.

Da aka tashi ya hango Malama da Mai Kemis da Gwaggo Nas a bakin taga suna ƙus-ƙus. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutumin da ya karanta juyin mulki iri-iri ba sai an gaya masa yadda ake ƙulla shi ba: malama, mai magani, ma'aikaciyar jinya, ai da irinsu ake farawa.

Abin da suke ƙus-ƙus a kai kuwa shi ne wa zai karɓi wahalar. Malama ta ce takardun jarrabawa sun ishe ta. Mai Kemis ya ce shago ba ya barinsa. Gwaggo Nas ta ce gwiwarta. Suka yanke shawarar a yi zaɓen don a fita haƙƙin doka, a sake ba tsohon abinsa, tunda shi ke yawon neman littattafan, kuma in an cire surutu ba shi da mugunta.

Baba Sharhi bai san wannan ba. Ya shafe mako yana neman dabarar da za ta tsare masa kujerar malami, ya kuwa same ta a inda ya saba samun komai, cikin littafi. Ya ja ƙanin matarsa gefe.

"Da ka ji na ce na sauka, ka miƙe ka ce ba ku yarda ba. Da ƙarfi. In hawaye ya samu, ba laifi."

"Yaya, hawayen nan fa sai dai in shafa man zafi."

"Kai dai ka yi abin da na ce."

Ranar Asabar ya zo cikin kayan da ya sa ranar bikin ritayarsa. Bai zauna ba. Ya dafa tebur, ya sassauta murya har tana rawa.

"'Yan'uwana masu karatu. Na ɗauki wannan kaya ba don ina so ba. Na raba dare ina bin sawun azzalumai domin ku yi barci da ido biyu a rufe. Yanzu na gaji. Kafaɗata ta tsufa. Na sauka."

Ƙanin matarsa ya yunƙura zai miƙe, bencin yara ya riƙe masa cinya. Ya yi fama, ya fito da ƙyar, ya ce da muryar mai tallan taya, "Ba mu yarda ba!" Ya duba bayansa, babu mai amsawa. Ya ƙara, ƙasa-ƙasa, "Wai ba mu yarda ba."

Gwaggo Nas ta sauke tabarau kan hanci.

"Tsaya, ɗan nan. Wannan ba babin da muka yi makon jiya ba ne? Har da kafaɗar!"

"Wallahi shi ne," in ji Mai Kemis. "Kuma wannan fassarar ta fi ta littafin gishiri."

Malama ta ɗaga hannu, ta jira, da ta tuna babu shugaban da zai ba ta izini sai ta sauke abinta.

"Baba, Allah ya sani mun zo ne mu ce ka ci gaba. Amma kai da bakinka ka ce masu kuka ne abin tsoro, ka ce mu riƙe. To mun riƙe. Allah ya saka da alheri, Allah ya huta gajiya."

"Amin," in ji kowa, har da mai taya.

Nan take aka ɗora wa Gwaggo Nas shugabancin, wadda ta karɓa don kujerar malami ta fi benci tausayin gwiwa.

Baba Sharhi ya tattara littattafansa. Ya fita a hankali, a hankali ƙwarai, irin tafiyar da ke ba jama'a damar yin nadama. Ya ratsa filin makarantar yana kasa kunne. Ya tsaya ya gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Yana dab da ƙofar fita sai ya ji gudu a bayansa, ana kira, "Yaya! Yaya, tsaya!"

Zuciyarsa ta yi fari. Ya daidaita hula, ya shirya fuskar mutumin da za a yi wa dole, sannan ya juyo.

Ƙanin matarsa ne, yana haki, hannu a miƙe.

"Gwaggo ta ce ka bar makullin aji."