Fararen Riguna Uku da Sunana a Ƙirji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Litinin ɗin da na tsaya gaban wata 'yar tagar rajista a unguwar Treichville, na kafa ɗaurin ɗankwali kamar uwar amarya, babana yana bayana cikin babbar riga. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na tuna sai bayan wuyana ya ɗauki zafi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi shekara tara ina ɗaura ruwa da wanke miki a wani ƙaramin asibiti a unguwarmu ta Adjamé. Burina ɗaya ne: in shiga karatun gaba, in ƙware a aikin sa barci a ɗakin tiyata. Ba a shiga sai an ci jarrabawar da muke kira konkur, kuma guraben 'yan kaɗan ne. Sau biyu na zauna, sau biyu na sha ƙasa. Karo na uku shi ne na ƙarshe, domin shekaruna sun kai iyakar da aka gindaya.

Bayan jarrabawar na zama abin tausayi. A cikin gbaka, motar hayarmu, mutane suna faɗa da karen mota, ni kuwa ina lissafin maki a bayan takardar magani. Jarrabawar lissafin awon magani ce ta hana ni sakat. Ranar da na ƙoshi sai in ba kaina sha ɗaya cikin ashirin, ranar da raina ya ɓaci in ba kaina takwas. Na rame har zanena ya fara zamewa.

Yanzu ga inda matsalar take. Mu 'yan asalin Nijar da muke zaman baƙunta a wannan ƙasar, sunan uba shi ne sunan dangi a takarda, kuma iyayenmu kamar sun haɗa baki kan sunaye biyar ko shida. (Ba zan faɗi nawa ba, don in na faɗa mata goma a Adjamé za su ce da su nake.) A ɗakin jarrabawa an jera mu bisa haruffan suna, sai ga wata yarinya siririya a kujerar bayana, sunanta sunana, sunan ubanta sunan ubana. Babanta mai gadi ne a Treichville, iyayenmu mata kuma sun san juna a wajen biki. Muka yi dariya, na kira ta Takwara, ta kira ni Yaya. Lambarta na bin tawa.

Saboda haka kada wanda ya ce ban sani ba. Na sani.

Ranar da aka manna sakamako, jama'a sun yi cincirindo a jikin bango. Na kutsa, na ɗaga wuya, na hango sunan. Sau ɗaya ya fito. A gefensa akwai lamba, idona ya nufe ta, zuciyata ta ce kar ki duba. Ni da nake karanta kwalbar allura sau uku kafin in zuƙa, na juya ina ihu na bar lambar a bango.

Babana dillalin albasa ne a kasuwar Gouro, bai yi boko ba, kuma sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini. Da na gaya masa sai ya zauna kan buhu ya yi ta share ido da hularsa. Ranar Juma'a ya miƙe a masallaci ya sanar. Ranar Asabar aka yanka rago, malamai suka sauke Alƙur'ani, mata suka cika gida. Har kasuwar Treichville ya je da ƙafarsa, ya sa tela ya ɗinka fararen riguna uku na aiki, aka rubuta sunana a ƙirji da shuɗin zare.

Takwara ma ta zo walimar tare da mahaifiyarta. Ta durƙusa ta ce, "Barka, Yaya. Allah ya sa albarka."

Na ce, "Kin je kin duba?"

Ta ce, "Ina bakin aiki ran nan. An ce mini suna guda ne, kuma na ɗiyar Alhaji ne. Mi zan je in gani?"

Maimakon in ce mata ta je ta duba, sai na ƙara mata nama a faranti, na dafa kafaɗarta na ce, "Ki yi haƙuri, ke yarinya ce, baɗi ma shekara ce." (Har nasiha na yi mata kan yadda ake shirya wa jarrabawa. Ni!)

Ranar ƙarshe ta rajista na zaɓa, wai don cunkoso ya ragu. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Baba ya ce sai ya raka ni, ya ga makarantar da idonsa. Ya rungumo rigunan a leda, ko za a ce in sa nan take.

Matar da ke tagar ta karɓi takardar shiga jarrabawata, ta duba babban littafi, ta sake dubawa. Sai ta ce da Faransanci, da muryar da ta isa har ƙarshen layi, "Madam, ba ke ba ce. Lambarki da bakwai ta ƙare. Wadda ta ci, tata da takwas."

Wata a bayana ta ce, "Yako," kalmar da mutanen nan suke jajanta wa wanda ya yi rashi. Ni kuma, don neman ƙarin wulaƙanci, na buɗe baki na tambayi makina a lissafin magani.

Ta ce, "Shida da rabi."

Ashe ko takwas ɗin da nake ba kaina ranar baƙin ciki alfarma ce.

Baba ba ya jin Faransancin ofis. Yana ta murmushi, ya matso ya ce, "Mi ta ce, Uwata?"

Da a ce ni kaɗai ce, da na sulale na ƙirƙiro ƙarya a hanya. Amma dole ni da bakina na fassara masa, kalma bayan kalma, a gaban mutane. Ina kallon murmushin yana barin fuskarsa. Sai ya sauya wa ledar hannu.

Matar ta ƙara da cewa ƙarfe huɗu za su rufe, in mai sunan ba ta zo ba, a ba wani gurbinta. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na ɗan lokaci na ji daɗin haka. Na ce a raina, in ban samu ba, kowa ma ya rasa.

Baba ya ce, "Mi kuma ta ce?"

Na fassara.

"Kin san yarinyar?"

"Na san ta, Baba. Ta ci ragonmu."

Ya miƙo mini ledar. "To tahi ki kira ta. Ki kai mata waɗannan."

Na same ta a bayan asibitin da take aiki, tana wanke almakasai a roba. Da na gaya mata ba ta yi ihu ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ranar walima kin sani?"

Na ce ban duba lambar ba.

Ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Na miƙa mata ledar. Muka tari tasi, muka isa saura minti ashirin, hannunta yana warin sabulu ta sa hannu a littafin.

Juma'ar da ta biyo baya Baba ya sake miƙewa a sahun da ya yi sanarwar farko, ya ce ya yi kuskure, ɗiyar mai gadi ce ta ci, a sa mata albarka. An ce mini muryarsa ba ta yi rawa ba. Ni wata guda ban bi ta kasuwar Gouro ba. Har ya rasu bara bai taɓa tayar mini da zancen ba, kuma bai daina ce mini Uwata ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina nan a asibitina ina ɗaura ruwa. Sababbin ma'aikata suna gulmata, wai na cika naci, ba na yi wa mutum allura sai na tambayi sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar katinsa. Abin da na koya ke nan, a makare: lambar da zuciyarki ta ce kar ki duba, ita za ki fara dubawa.

Takwara tana ɗakin tiyata yanzu. Kwanaki na kai mara lafiya babban asibiti na hango ta a baranda cikin farar riga, sunana a ƙirjinta da shuɗin zare. Tela bai taɓa ko harafi ɗaya ba. Kafaɗa kawai ya rage.