Kalmar da ta sa Mai Girma gumi

Jiya babur ɗina ya yi tari biyu ya mutu a Gyadi-Gyadi, na turo shi har gidan mai ina zufa kamar mai suyar ƙosai. Layi kuwa sai ka ce Unguwa Uku za shi. A nan na tarar da Safiyyah, 'yar maƙwabcina Malam Inuwa na Tarauni, a tsohuwar motar babanta.

Yarinyar nan malamar jami'a ce, tana haɗa digirin dakta kan man fetur. A bakinta na fara jin cewa mai ba a tafki yake kwance a ƙarƙashin ƙasa ba, cikin dutse yake, yana bin 'yan kafofi kamar ruwa a soso. Na ce Allah Ya sa ya biyo ta tankina.

Damuwarta injin gwada duwatsun na jami'arsu. An sayo shi, an yanke ƙyalle, an tafa, an ci shinkafa, aka mayar da shi akwati, wai sai Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, babban jami'in da ke kula da irin waɗannan ayyuka, ya sa hannu. Wa'adin karatunta kuma bana zai ƙare. In ba gwaji, wahalarta ta tafi a banza. Wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai.

To a layin nan ta ba ni labari. Da ta gaji, ofishinsa ta je da kanta, ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, bincike nake yi kan yadda mai ke zurarewa ta ƙananan kafofi ba a gani."

Bawan Allah ya ajiye kofin shayi, ya rufe ƙofa, ya tambaye ta wa ya turo ta, kuma sunan wa ta samu. Ta ce ita duwatsu kawai gare ta. Ya ce ya gane, kowa da yadda yake kiran abinsa.

Ba a daɗe ba aka buɗe akwatin, har da ƙarin sabon janareto, da saƙon cewa don Allah ta tsaya kan duwatsun. Dole mu yaba. Malamai sun jima suna roƙon a girmama bincike, ga wanda ya girmama shi har da gumi.

Da layi ya zo kaina aka ce mai ya ƙare. Na gyara hula, na shaida wa manaja cewa bincike nake yi. Ya dube ni, ya dubi babur ɗin, ya ce, "To Baba, binciko wani gidan man."