Hajiya Tsawa Ta Rasu a Taron Bita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya ƙi kwanciya, Malam Ɗanlami mai zare da maɓalli, sakataren kwamitin tsaro na filazar teloli da 'yan yadi da ke Wambai a Suleja, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar lasifikarsa ta hannu, wadda kowa ya sani da Hajiya Tsawa. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, tana da shekara shida a duniya, a tsakiyar taron bitar atisayen gobara, a gaban mutum arba'in da kowannensu ke riƙe da kwalbar lemo. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma Malam Ɗanlami ya ce a rubuta haka.

Marigayiya fara ce mai faɗin baki, ba ta da kwaɗayi in ban da batir shida da take ci a zama ɗaya. Kullum da safe takan gaishe da jama'a da “Testin, testin, wan-tu,” sannan ta yi wannan “ƙiiii” ɗin nata mai shiga har cikin haƙori. Ita ke kiran shara ranar Asabar, ita ke nemo mai motar da ya tare hanya, kuma ba a taɓa ɗaura aure ko suna a filaza ba tare da ta sanar ba. Aibinta ɗaya, in aibi ne: tana da wani ɗan maɓalli da ke ɗaukar abin da ta ji, ta maimaita shi har sai an kashe ta. Ba ta ƙari, ba ta ragi. A filazar nan, wannan hali ba ya barin mai shi ya tsufa.

Ga yadda ajali ya faro. Filazar tana da shago sittin da biyu, cike da yadi da soso, ga janareta da jarkar fetur a bakin kowace ƙofa. Mafita biyu ce kacal, ta gaba da ta baya. Wata uku Malam Ɗanlami ya yi yana bin mutane shago-shago kafin su yarda a gwada yadda za a fita in wuta ta tashi. Ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya Hajiya Tsawa ta saki jiniya, “wiu, wiu, wiu,” shi kuma ya danna agogon wayarsa. Minti huɗu aka tsara.

Na layin gaba sun fita a minti biyar, sai rabinsu suka koma ɗauko waya. Oga Somtochi mai leshi bai motsa ba sai da ya datse shagonsa da kwaɗo uku. Wannan duk mai sauƙi ne. Na layin baya su ne suka ruga ƙofar baya kamar yadda aka koya musu, suka tarar da ita ɗaure da sarƙa, ga dilolin yadin Ciyaman, Alhaji Taufiq, jingine da ita har sama. Mama Folasade, tela mai shekara sittin da ɗoriya da ciwon gwiwa, wadda tsakanin shagonta da ƙofar nan taku goma sha uku ne, sai da ta zagaya filazar gaba ɗaya tana dafa bango. Ta fito a minti goma sha tara. Malam Ɗanlami yana wurin ƙofar baya lokacin da aka tarar da ita a ɗaure, marigayiya a hannunsa, yatsansa kuma a kan ɗan maɓallin nan. Ko da gangan ne, ko kuskure, ba a tilasta wa mai makoki rantsuwa.

Ranar taron bita ya zo da shirinsa. Ya rubuta tambayoyi uku a jikin kwali: me muka tsara, me ya faru, me za mu gyara. Ya yi bayani cewa ba a taru don a kama mai laifi ba, an taru ne don kada wata rana a kwashi gawa. Aka gyaɗa kai. Daga nan aka cinye rabin awa wajen gardamar wanda zai zauna a babban tebur, aka yi hoto sau huɗu saboda hular Ciyaman ta karkace, aka raba lemo da cincin. Ciyaman ya miƙe ya ce atisaye ya yi nasara ɗari bisa ɗari, aka yi tafi kamar an ci kofi.

Sannan Malam Ɗanlami ya karanta minti goma sha tara na Mama Folasade. Kowa ya san sarƙar, kowa ya san mai dilolin, kowa kuma ya san wanda ke raba shago in shekara ta zagayo. Sai Oga Somtochi ya yi gyaran murya ya ce shi dai gaskiya bai ji jiniya sosai ba. Shi ke nan, an samu mafita, wadda ba ta da kwaɗo. Mutanen da suka riga kowa fita ranar Litinin suka wayi gari kurame ranar Laraba. Wannan ya ce lasifikar ta tsufa, wancan ya ce tun bara muryarta ta dushe. Mama Folasade ta ɗaga hannu, aka ce ta jira sai an zo kan sauran batutuwa. Malam Ɗanlami ya dubi manya masu furfura suna yi wa roba da waya ƙazafi don su tsira da rumfa.

Ciyaman ya ce a miƙo ta ya gwada a gaban kowa, a huta da gardama. Bai taɓa riƙe ta ba. Ya juya ta, ya laluba, ya danna maɓallin da ya fi kusa da yatsansa.

Aka fara jin sarƙa, “kacau, kacau.” Sai muryar Mama Folasade: “Abeg, ku buɗe get! Alhaji, gwiwa na ba kyau o, ba zan iya zagaya ba!” Sai ga muryar Ciyaman da kansa, tar da ita: “Haba Mama, ai wasa ne, ba gobarar gaske ba. Kayana ne a jingine, wa zai sauke su? Ki zagaya kawai.”

Ta faɗa, ta sake faɗa, ta kuma faɗa. Wadda aka ce muryarta ta dushe, har 'yan acaba da ke bakin titi sai da suka leƙo. Ciyaman ya nemi wurin kashewa ya rasa, ya buga ta da tebur, ba ta yi shiru ba, sai ya ɗaga ta sama ya maka da siminti. Kalamanta na ƙarshe su ne, “Ki zagaya, ki zaga…” Ta yi ɗan “ƙii” ɗaya, ta cika.

Taron bai watse ba, abin da ya fi ci wa Malam Ɗanlami rai ke nan. Aka ture gawar gefe da ƙafa, aka zartar da ƙuduri uku: atisaye ya yi nasara, a samo sabuwar lasifika marar wannan maɓalli, a kuma gode wa Ciyaman saboda lemo. Ba a ambaci ƙofa ba. Hannun Mama Folasade yana sama har aka shafa addu'ar rufewa.

Marigayiya ta rasu ta bar maɗauri ɗaya, da batir shida masu sauran ƙarfi, da ƙanenta usur. Ta bar tukwanen kashe gobara biyu da wa'adinsu ya ƙare tun kafin a haife ta, da bokitin yashi wanda yanzu ɓawon gyaɗa ake zubawa a ciki. Kwaɗon ƙofar baya yana nan cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Gawa tana shagon Mama Folasade, wadda ta ɗinka mata likkafani da ragowar farin yadi. Daga nan za a ɗauke ta a fita da ita ta ƙofar baya, taku goma sha uku. Masu rakiya za su tsaya a wurin har sai an buɗe, Malam Ɗanlami kuma zai danna agogo. Ana roƙon duk wanda makulli ke hannunsa ya zo da shi. In bai samu zuwa ba, ba komai, Oluwatobi mai walda ya ce zai zo ta'aziyya da injin yankan ƙarfensa. Ba za a raba lemo ba, ba za a yi hoto ba.

Mama Folasade ce za ta shige gaba. Ta roƙi a taho mata da kujera saboda gwiwa, domin ta ce ko za a kai la'asar, wannan karon ba za ta zagaya ba.