Ranar da Kawu Sabo Ya Gatsa Dankalina

Jama'a, ni ce nan na ba dattijon mutane ƙanƙara ya gatsa da sunan gasasshen dankali. A gaban ƙanwarsa, a gabana, bayan ya yi bismillah har da lumshe ido. Ko na tsufa haƙorana sun zube kaf, wallahi wannan Juma'ar ba za ta fita daga kaina ba. Yau na fito daga jarrabawar ƙarshe, ina cikin jirgin ƙasa na metro ina tiƙar rawa (a zuciya dai, kar a ce Bahaushiya ta zare), sai na ce bari in tona wa kaina asiri. Dama sabbin zuwa sun ishe ni da tambaya a guruf ɗinmu na ɗalibai, wai abincin firiza da ake sayarwa a kanti yana da amfani ko asara ce kawai. Amsa tana nan, amma sai kun biyo ni ta doguwar hanya.

Karatu nake a nan Dubai. Muna zaune a wani filat a Al Qusais ni da ƙawata Zee, 'yar Kaduna. Kicin ɗinmu idan mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fito da baya. Batun girki kuwa, ni ce auta a gidanmu a Kano, aikina bai wuce yanka albasa da ɗanɗana gishiri ba. To da na zo nan na gano layin firiza a kanti, sai na ji kamar an yi min bushara. Samosa, gurasar Indiyawa, nama a naɗe, komai an gama an daskarar. Amma masoyina na gaskiya shi ne wanda Turawa ke ce wa jaket fotato, wato ƙaton dankalin turawa da aka riga aka gasa da ɓawonsa. Ka ciro ɗaya, ka jefa a maikirowef, ka tsaga, ka zuba bota da cuku ko kifin gwangwani, ka barbaɗa yaji, khalas in ji Larabawa, an gama. Kafin Zee ta gama neman ɗankwalinta ni na ƙoshi.

Sai kuma Anti Binta. Nas ce a wani asibiti, ƙawar Mama tun makarantar kwana, kuma a gininmu take, sama da mu. Ranar da zan taho Mama ta kira ta ta ce, "Binta, ga amana nan." Antin ce ma ta raka ni na kama filat ɗin. Tun daga lokacin, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai saƙonta ya shigo wayata: "Hau ki ɗauka." In hau in sauko da wata jar kula mai nauyi. Tuwon shinkafa miyar kuka, wata rana taushe, wata rana dambu. Wanda bai yi zaman waje ba ba zai gane ba. Ranar farko da muka buɗe, ƙamshin daddawa ya bugo mu, Zee kuka ta fashe da shi, ni kuma ina mata dariya da hawaye a idona. Wannan kular ita ce Kanona. Idan sati ya yi min zafi, ita nake tunawa in daure.

Ni kuma abin da nake yi, in wanke ta tas, in goge, in mayar ina jin kaina wata mai tarbiyya.

Rannan muna bidiyo kol da Mama, ta hango kular a bayana.

"Ta Binta ce waccan? Me kike sa mata idan za ki mayar?"

Na ce, "Sa mata kamar ya? Wankewa nake har sai ta yi ƙyalli."

Mama ta ajiye carbinta. "Wayam? Auta, wayam kike mayar wa mutane kwano? La ilaha illallahu. A gidan wa kika ga ana haka? Ni da na gama cika baki na ce mata hannunki kamar nawa!"

(Wannan cika bakin dai tsakanin Mama da Allah. Ta san iyakacina.)

Na kashe waya na kalli kular. Watanni ina kwasar tuwon baiwar Allah ina mayar mata da iska. Zee ta ce, "Ke dalla ki zuba dabino ki kai, an wuce wajen." Na ce dabino a Dubai? Wanda ko ofis ka shiga neman takarda sai an miƙo maka? Ai raini ne. Ni girki zan kai. Zee ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wane girkin, habibti, ƙawata ta kaina?" Na buɗe firiza na nuna mata kwalin masoyina. Ta ce, "Babu ruwana, kuma ban gani ba."

Da na ji maganar Zee da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma burga ta riga ta hau kaina.

Juma'a ta zo. Na dawo daga lacca a guje, na zazzage kwalin gaba ɗaya a faranti, na ɗora wani kan wani kamar masu talla, na tura maikirowef. Ga inda na kashe kaina: kullum guda ɗaya nake ɗumamawa, hannuna ya saba da inda yake murɗawa, sai na murɗa daidai nan. Ko kallon bayan kwalin ban yi ba, ni a dole ƙwararriya. Da ya yi ƙara na buɗe, tururi ya taso, na taɓa ɓawon har ya ƙona min yatsa. Na ce masha Allah, an gama. Ban tsaga ko ɗaya ba, wai kar zafin ya fita. Na naɗe kowanne a takardar foyil don ya yi kama da wanda ya fito daga oben, na jera a kula, na sa bota da yaji a 'yan robobi a gefe. Kwalin kuwa na tura shi can ƙasan kwandon shara na danne da ɓawon ayaba, kamar wadda ta yi kisan kai.

Shirina shi ne in miƙa a bakin ƙofa, in karɓi tuwona, in arce. Ina ƙwanƙwasawa Anti ta buɗe ta ce, "Yawwa 'yata, shigo ki gaida Yaya, jiya ya sauka."

Yayanta ne, Alhaji Sabo, ɗan kasuwar kayan gyaran mota. Ya zo loda kwantena a Ras Al Khor. Yana zaune a ƙasa kan kafet ya cire hula, an shimfiɗa ledar cin abinci. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Mama da karatu, ya ce in dinga ce masa Kawu. Yana cikin yi wa Anti ƙorafin shinkafar Indiyawa ta ishe shi, sai Anti ta ɗaga kular.

"A'a! Yau kula da nauyi ta dawo?"

Ta buɗe, tururi ya fito, foyil yana ta ƙyalli. Ta ɗago ta kalle ni. "Ke kika yi?"

Nan ne fa Allah Ya ba ni dama ta ƙarshe, na sa ƙafa na shure ta. Na gyara mayafi na ce, "Eh Anti, ɗan gashi ne kawai. Tun safe yake cikin oben."

Anti ta ce, "Oben." Ta ajiye kular a kan ledar.

Kawu kuwa har ya wanke hannu. Anti ta miƙa masa wuƙa da cokali, ya ture. "Ke rabu da ni da kayan Turawa, dankali ai da hannu ake cinsa." Ya ɓare foyil, yana jujjuya shi daga wannan hannu zuwa wancan saboda zafi, ya hura, ya dangwali yaji, ya yi bismillah ya ɗan gutsuri gefe. Ya gyaɗa kai. "Kai, madalla. Binta, yarinyar nan ta gado uwarta." Ni kuma ina sunkuyar da kai ina murmushin ƙarya, a raina ina cewa an ci wasan nan.

Sai ya buɗe baki sosai ya kai gatsa ta biyu.

Ƙaras!

Wallahi har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Kawu ya tsaya cak, ido a waje, ya dafe muƙamuƙi. Falon ya yi tsit, sai ƙarar esi. A hankali ya zaro dankalin daga baki ya ɗaga shi saitin fitila. Tsakiyarsa fari fat, ƙanƙara tana walƙiya, ga shatin haƙoransa a jiki.

Ya ce, "Binta, dankalin Dubai da ƙwallo yake zuwa kamar mangwaro?"

Ya sake leƙawa ya ce, "Ikon Allah. Waje Sakkwato, ciki Jos. Kuma a kan haƙorin da nake lallaɓawa ya sauka."

Kun san me na ce? Ni da bakina? Na ce, "Kawu, ina jin esin gidan nan ne, yana da ƙarfi sosai."

Esi, jama'a. Esi ne ya tsallake foyil, ya tsallake ɓawo mai tururi, ya shige tsakiya ya daskarar. Ina rufe baki na ji ina ma benen ya tsage in faɗo filat ɗinmu kai tsaye. Kawu ya fara dariya yana riƙe da kumatu, dariyar na sa haƙorin zafi, zafin na ƙara sa shi dariya. Amma ni ba shi nake kallo ba. Anti nake kallo, ita kuma ko murmushi babu. Na ce shi ke nan, na yi wa aminiyar Mama ƙarya ido cikin ido, na kusa fasa wa yayanta haƙori. Jar kula ta tafi, kuma yau Kano za ta ji labari.

Ta ɗauki kular ta ce, "Biyo ni kicin."

Muna shiga na fara, "Anti ki yi haƙuri, na kanti ne, wallahi Mama ce ta ce ba a mayar da kwano wayam, ni kuma..."

Ta ce, "Ni na raka ki kama filat ɗin nan. Yaushe aka sa muku oben?"

Sai ta ja ƙofar firizarta ta ce in leƙa. Robobi ne jere har sama, miyar kuka, taushe, miyar ɗanyar kuɓewa, duk sun daskare kamar dutse. A gefe ga ledar samosar kanti, irin tamu sak.

"Kina tsammanin ina fitowa daga duti a gajiye in hau jajjage? Ranar hutuna nake yin miya da yawa in raba in ajiye. Wadda kuke ci ku yi kuka ke da ƙawarki, daga nan take fitowa. Tuwon kawai nake tuƙawa sabo."

Na ɗago robar miyar kuka ina jujjuya ta, sanyinta har cikin yatsuna.

Ta ce, "Firiza ba abin kunya ba ce, garin nan kowa da ita yake rayuwa. Ƙaryar ce ta ɓata min rai. Duk watannin da kike kawo kula wayam kin ji na yi magana? Ni ba ciniki nake da ke ba. Uwarki ta ce ga amana, kuma amana ba ta biyan kuɗin tuwo."

A nan ne hawayen suka zo, na gaske. Ta bar ni na yi kaɗan, sannan ta ce, "To ya isa, kar ki jiƙa min kicin. Yalla, maza cire foyil ɗin." Ta nuna min: ɗaya bayan ɗaya, idan kuma da yawa ne a ƙara lokaci yadda aka rubuta a kwali, sannan a soka wuƙa har tsakiya a taɓa bakinta a ji ko da zafi. Muka ɗumama su da kyau, ta tsaga, ta kwarara man shanu maimakon botata. Kawu ya cinye biyu da ɗaya gefen bakin, yana ci yana cewa, "Hajiya Ƙanƙara, ƙaro yaji."

Duk da haka satin nan ban samu sukuni ba. Na ce ƙila ta yafe ne a baki saboda idon yayanta. Juma'a ta zagayo, aka sauko masallaci, shiru. Ina ta duba waya kamar mai jiran sakamako, Zee tana ta tsokanata wai in fito da masoyina mu ci tunda na kashe mana kasuwa. Can sai ga saƙo: "Hajiya Ƙanƙara, tuwo na hucewa." Ko lif ban jira ba, da ƙafa na haye.

Da Kawu ya koma Kano kuwa, Mama ta kira ni muryarta har rawa take don daɗi. "Auta! Alhaji Sabo ya zo gaishe mu. Ya ce kin ba shi wani dankali da tunda yake bai taɓa cin irinsa ba!" Na ce, "Haka ya ce?" Ta ce, "Wallahi, har yana riƙe baki." Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, bai yi ƙarya ba kuma bai tona ni ba. (Daga baya ni na ba Mama labarin da kaina. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta yi min faɗa, sannan ta sake dariya.)

To masu tambaya, ga amsarku. Eh, ku saya. Masoyin nawa dai ya fi ɗanyen dankali tsada, kuma ba zai taɓa zama tuwo ba, amma jarrabawar nan da na gama yau rabinta da ƙarfinsa na rubuta, ɗaya rabin kuma da jar kula. Ku dai karanta bayan kwali, ku soka wuƙa har tsakiya, kuma in an tambaye ku wa ya yi, ku ce kanti. Ni yanzu idan zan mayar da kula, a daskarensa nake sa dankalin, a cikin kwalinsa, Anti ta ce ta fi yarda da hannunta.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa sabbin zuwa, musamman masu Anti a sama da maikirowef a ƙasa. Haƙoran dattawanmu ba su da yawa.