Yadda Ake Kashe Ƙugin Garayar Ordinater Har Mai Garaya Ya Kasa Gane Kiɗinsa

Ka haɗa garaya cikin ordinater, wato kwamfuta, amma duk tsirkiyar da ka taɓa sai ƙugi ya biyo ta, zirrr? Bi matakan nan, tabbas zai mutu. Abdulmajid ya gwada su, shi da ya yi shekara shida a waje yana karatun sauti kafin ya dawo Magariya.

Baba Wakili na Dogo-Dogo ne ya kawo masa aiki. Yatsu sun sandare, garaya ta gagare shi, ga jikarsa Sa'a za ta yi aure ran Juma'a, yana so a ji kiɗinsa a bikin. Abdulmajid ya yanko sautin tsirkiya daga tsohon kaset ɗin Baba Wakili, ya haɗa garaya da shi cikin ordinater. Ƙugi ya biyo.

1. Ɗora wa kuran, wato wutar lantarki, laifi.
Ba mai yi maka gardama. Kwana guda ka samu.

2. Zargi ɗakin.
Abdulmajid ya sauke kwanukan innarsa, ya cusa katifa a taga, ya kori kaji. Inna Kadi ta leƙo ta ce, "Kiɗan ne ba ya son kwanona, ko kai ne?" Ka yi shiru. Gwani ba ya yawan magana.

3. Raɗa masa suna.
Ka ce "rezonans". Cutar da ta samu sunan Faransanci rabinta ya warke.

4. Danne.
Duba zanen sautin, inda ya yi tozo ka danne. Wani zai taso. Danne shi. Abdulmajid ya danne sha ɗaya. Ran Laraba garaya ta fito fes, kamar ruwan leda.

5. Kira mai garaya.
In da hali, tsallake wannan.

Baba Wakili ya saurara har ƙarshe.

"Sannu da aiki, ɗana. Agogon wa ke bugawa?"

"Garayarka ce, Baba. Ƙugi na cire mata."

"Jiyar da ni ƙugin."

Abdulmajid ya sa kaset. Tsoho ya dafe kai.

"Kai, wannan ai ceba ce! Ƙarfen nan mai zobba da ke wuyan garaya. Takanas na je Mallawa maƙeri ya yi mini ita. In babu ita, Sa'a ma ba za ta san ni ne ba."

6. Mayar da abin da ka danne.
Ɗaya bayan ɗaya, kana gumi. Ran biki kiɗi ya tashi da ƙuginsa. Amarya ta ɗago cikin lulluɓi ta ce wa ƙawarta, "Ke, tsoho ya warke ne?" Baba Wakili ya ce ƙugin ya yi kaɗan, amma ya tashi ya taka.

Wanda ya tambaye ka, ka ce da gangan ka sa.

Gargaɗi: Duk abin da ya biyo baya, kunya ko dariyar kasuwa, ba ruwan mai rubutun nan. Kisa kawai ya koya maka. Tambayar mai dabba kafin a yanka, wannan aikinka ne.